Gidan Gilashi Ya Tsufa: Yadda Masu Gidajen Eichler Ke Fama da Rufi, Daɓe da Maƙwabta

Wanda ya ratsa unguwar Fairbrae a garin Sunnyvale, kudu da San Faransisko a jihar Kalifoniya, zai iya wucewa bai ga dalilin da ya sa ake zuzuta gidajen ba. Daga titi babu abin kallo. Bango ne na katako mai siraran layuka a tsaye, sai ƙofar gareji, sai ƙyaure ɗaya da aka shafa wa fenti mai ɗaukar ido. Taga ma in akwai ta, can sama take dab da rufi, inda mai wucewa ba zai leƙa ba. Sai an tura ƙyauren nan ake ganin aiki. Maimakon mutum ya faɗa falo, tsakar gida zai tarar, sama a buɗe, ga shuke-shuke, bangon gilashi ya kewaye shi. Ta cikin gilashin yana hango falo, bayan falo wani gilashin ne daga ƙasa har rufi, bayansa kuma lambu. Gidan ɗan madaidaici ne, amma ido ba ya cin karo da bango, shi ya sa yake kamar ya ninka girmansa.

Waɗannan su ne gidajen Eichler, mafi shahara cikin gidajen sabon salo da aka gina wa matsakaitan ma'aikata a Amurka a tsakiyar ƙarni na 20. Yau ƙaraminsu ya kai shekara hamsin, manyan sun haura saba'in. Masu su na ƙaunarsu matuƙa, kuma suna shan wahalarsu matuƙa, domin abin da ya ba gidan kyau shi ne dai abin da ya sa gyaransa ke da wuya.

Joseph Eichler ba magini ba ne tun asali. An haife shi a 1900, ya shafe shekaru masu yawa yana riƙe da lissafin kuɗi a kamfanin surukansa masu sarin ƙwai da man shanu. A 1943 ya kama hayar wani gida a Hillsborough, wanda fitaccen mai zanen gine-gine Frank Lloyd Wright ya zana, ana kiransa gidan Bazett. Zaman da ya yi a ciki ya sauya masa tunani: me zai hana malamin makaranta da injiniya da akawu su ma su samu irin wannan haske da sarari? Lokacin kuwa ya dace. An gama Yaƙin Duniya na Biyu, sojoji sun dawo, gwamnati ta sauƙaƙa musu rancen sayen gida, ana ta yanka gonakin 'ya'yan itace ana mayar da su fulotai. Yana gab da shekara hamsin ya shiga harkar, ya ɗauko ƙwararrun masu zane, Robert Anshen da farko, sannan A. Quincy Jones da Frederick Emmons, daga baya Claude Oakland. Daga 1949 zuwa rasuwarsa a 1974 ya gina gidaje wajen 11,000, galibinsu a kewayen San Faransisko, fiye da 2,000 a Palo Alto kaɗai. Na farko-farkon ba su kai dala 10,000 ba.

Akwai wani abu game da mutumin da bai kamata a tsallake ba. A zamanin da William Levitt ke gina dubban gidaje a Levittown yana rubuta a takardar ciniki cewa fararen fata kaɗai za su zauna, Eichler, wanda Bayahude ne, yana sayar wa baƙaƙen fata da 'yan asalin Asiya, kuma duk maƙwabcin da ya yi ƙorafi sai ya ce a shirye yake ya saye gidansa ya tashi. A 1958 ya fice daga ƙungiyar magina gidaje ta ƙasa saboda ta ƙi goyon bayan daina wariya, shekara goma kafin dokar tarayya ta 1968 ta haramta hakan. Ina ganin wannan yana cikin abin da ake gado idan an sayi gidan, ko da ba a rubuta shi a takarda ba.

Babu inda za a ɓoye komai

Sirrin ginin a ginshiƙai yake. Nauyin rufi ba a kan bango yake ba, yana kan ginshiƙan katako ne da manyan azara da aka gitta a kansu, saboda haka bango ya samu 'yancin zama gilashi. A kan azaran aka jera faffaɗan katako mai kauri kamar inci biyu, kowane ya shige bakin ɗan'uwansa. Wannan katakon shi ne silin idan kana ciki, shi ne kuma gadon rufi idan kana sama. Tsakaninsu babu wani sarari. A ƙasa ma haka: daɓen kankare ne aka zuba kai tsaye a kan ƙasa, babu rami a ƙarƙashi. A gidan Amurka na gargajiya mai gyara yakan hau cikin silin ko ya rarrafa ƙarƙashin daɓe ya ja waya ko ya sauya bututu, ba wanda ya gani. A gidan Eichler duk wayar da za ka ƙara, duk bututun da za ka sauya, sai dai ko ka fasa wani abu, ko ka bar shi a fili kowa ya gani.

Rufin shi ne babban ciwon kai. Shimfiɗaɗɗe ne ko mai ɗan gangare kaɗan, asalinsa kwalta ce da takardar rufi hawa-hawa, aka watsa tsakuwa a kai. Duk wanda ya taso a gidan soro a Kano ko Zariya ko Damagaram ya san dokar irin wannan rufi: kafin ruwan farko a hau a duba, a toshe tsaga, a share indararo. A can ma haka take, sai dai daminarsu da sanyi take zuwa, daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Ganyen bishiya ya toshe magudana, ruwa ya kwanta, ya nemi hanya. Kuma da yake katakon rufi shi ne silin, ɗigo ɗaya ya isa ya bar tabo baƙi a tsakiyar falo, tabon da ba ya fita da wanki. In aka yi sakaci, ruwan ya bi azara ya sauka inda ta haɗu da ginshiƙi. Kawunan azaran kuma suna leƙowa waje ƙarƙashin bakin rufi, rana ta dake su, ruwa ya jiƙa su, su fara ruɓewa daga ciki fenti na rufe da su. Mai duba gida da ya san aikinsa yakan zo da sukundireba ya riƙa soka su ɗaya bayan ɗaya. In ƙarfen ya nutse, to an shiga kashe kuɗi, domin sauya azarar da ke ɗauke da rufi sai an tokare gidan tukuna.

Da yawa daga masu gidajen yanzu sun koma rufin kumfa, wani sinadari da ake fesawa ya kumbura ya daskare, a shafe shi da farin fenti mai kare shi daga rana. Yana hana yoyo, yana kuma tare zafi da sanyi, abin da rufin asali bai yi sosai ba. Amma shi ma ba a barinsa haka nan. Sai an riƙa sabunta fentin bayan wasu shekaru, in ba haka ba rana ta cinye shi, tsuntsaye su ƙarasa. Masu hikima sun gano cewa ranar da aka yaye rufi ita ce ranar yin komai, saboda wayoyin lantarkin gidan a saman katakon nan aka shimfiɗa su, ƙarƙashin kwalta. Gidan da aka yi wa waya a zamanin rediyo da firji ɗaya, da soket mai baki biyu, ba zai ɗauki na'urar sanyaya ɗaki da injin wanki da cajin mota ba. Wanda ya yi sabon rufi bai sauya waya ba, bayan shekara biyu zai sake yanka rufin da ya biya da tsada.

Sai daɓe. Eichler bai sa hita mai hura iska ba. Bututai ya binne a cikin kankaren, ruwan zafi daga tukunya yana zagayawa, ɗumi na tasowa ta tafin ƙafa ba ƙara ba ƙura. Waɗanda suka saba da shi ba sa son wani. Inda aka yi da bututun jan ƙarfe, da yawa suna aiki har yau. Amma a shekarun 1950, lokacin da Yaƙin Koriya ya sa jan ƙarfe ya yi ƙaranci, an yi wa wasu unguwanni da baƙin ƙarfe, shi kuwa tsatsa ta gama da mafi yawansa. Yoyon irin wannan bututu ba ya sanarwa. Mai gida zai ga allurar ma'aunin tukunya tana sauka, ko kuɗin ruwa ya haura ba dalili, ko wani lungu na ɗaki ya yi danshi. Sai a kira masu nema. Su rufe layin, su ɗura masa iskar hiliyam, su bi daɓen da na'urar shinshina taku bayan taku, wani lokaci da kyamarar da ke ganin zafi, har su ja da'ira da alli a kan tayil su ce nan ne. A fasa rami kamar faɗin faranti, a like bututun, a sake zuba siminti. In an yi sa'a ke nan. In bututun ya zama rariya, sai dai a haƙura da shi a nemi wata hanya. Shi ya sa ake gargaɗin duk kafintan da ya shigo gidan kada ya kuskura ya huda daɓe da ƙusa ko dirila bai san inda layi ya bi ba. Ƙusa ɗaya wajen kafa kabad ta sha jawo aikin mako guda.

Gilashin kuma falle ɗaya ne, sirara, irin na da wanda in ya fashe yakan zama wuƙaƙe. Dokar tarayya da ta wajabta gilashi mai rugurgujewa a ƙofofi sai a ƙarshen shekarun 1970 ta zo. Gida mai yara dole ya sauya shi ko ya manna masa ledar kariya. Bangon ciki an lulluɓe shi da siririn katakon luwan daga Filifin, mai launin zuma, wanda shi ne rabin kyan ɗakin, amma yana kama wuta da sauri, ga shi babu komai a bayansa da zai tsayar da ita. Tayil ɗin ƙasa na asali sau da yawa akwai asbesto a cikinsa, tsohon fenti kuma akwai dalma, wadda ba a hana ba sai 1978. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma gaskiya da yawa daga masu sayen gidajen nan hasken ne ya ɗauke musu ido, sai bayan sun tare suke fahimtar abin da suka saya.

Gyara da ɓarna

A shekarun 1970 da 1980 gidajen sun fita daga yayi. Man fetur ya yi tsada, ɗumama gidan gilashi ya zama nauyi, babban kamfanin Eichler kansa ya riga ya karye tun 1967, ko da yake shi ya ci gaba da gini. Masu gida suka shiga yi musu kwaskwarima don su yi kama da gidan kowa. Aka rufe tsakar gida aka mayar da ita ɗaki. Aka cire bangon gilashi aka sa 'yar taga mai labule. Aka lafta wa katakon luwan farin fenti, aka ɗora rufi mai tsini, wasu har da ginshiƙan ado a bakin ƙofa. Abin da aka samu gida ne mai duhu, wanda ya rasa kyansa bai kuma samu na wani ba. Yau wani kaso mai tsoka na aikin gyaran waɗannan gidaje warware wancan gyaran ne: kankare fenti daga silin da hannu, katako bayan katako, da neman masu yanka katakon bango mai layuka daidai da na asali, domin ba a samunsa a shagon kayan gini sai an ba da oda.

Yadda yayin ya dawo yana da alaƙa da wani gida na masu hannu da shuni a Palm Springs, cikin hamadar kudancin Kalifoniya. Richard Neutra ya zana shi a 1946 don Edgar Kaufmann, attajirin Pittsburgh. Bayan rasuwar mai shi gidan ya yi ta sauya hannu, kowa ya zo ya ƙara nasa, har kamanninsa suka ɓace. A farkon shekarun 1990 wasu ma'aurata suka saye shi suka ɗauki kamfanin Marmol Radziner, aka shafe kusan shekara biyar ana mayar da shi yadda yake. Tsofaffin hotunan da Julius Shulman ya ɗauka su suka zama jagora, kuma don a samu dutse mai launin na asali sai da aka sake buɗe wata mahaƙar dutse da aka daɗe da rufewa a jihar Yuta. Aikin ya nuna wa mutane cewa gidan da bai kai shekara hamsin ba shi ma kayan tarihi ne. Darasi na biyu mai ɗaci ne. A 2002 aka sayar da gidan Maslon, wani aikin Neutra na 1962 a Rancho Mirage, lafiyarsa ƙalau, sabon mai shi ya rushe shi cikin 'yan makonni, kuma babu dokar da ya karya. Ihun da aka yi ya farkar da garuruwan yankin. Tun 2006 Palm Springs ke shirya makon baje kolin irin waɗannan gine-gine kowace Fabrairu, baƙi na tururuwa suna biyan kuɗi don su shiga gidajen mutane su gani.

Sai dai mai gidan Eichler ba shi da kuɗin buɗe mahaƙar dutse, kuma gidansa ba gidan kallo ba ne. Yara na zuwa makaranta daga cikinsa. A nan nake rabuwa da masu tsattsauran ra'ayi da ke ganin ko marfin kabad ɗin kicin bai halatta a taɓa ba. Gilashin da zai iya yanka yaro a sauya shi. Wayar da za ta iya tada gobara a cire ta. A sa allon da ke tare wuta a bayan katakon luwan sannan a mayar da katakon. Kicin ɗin 1955 an yi shi ne don mace ɗaya mai girki ita kaɗai, ba laifi a faɗaɗa shi. Eichler da kansa kowace shekara yana sauya zane, har gidan ƙarfe zalla ya gwada a 1956 a San Mateo. Abin da nake ganin bai kamata a taɓa ba kaɗan ne: layin azara da ke fita daga ɗaki ya ratsa gilashi zuwa waje, tsakar gida, da ƙasƙancin rufi. Sabon gilashi mai falle biyu yana da kyau, amma in aka sa masa firam mai kauri na roba, an kashe abin da aka zo ceta. Injin sanyaya ɗaki yana da amfani yanzu da zafi ke ƙaruwa a yankin, amma a ɗora manyan bututansa a kan shimfiɗaɗɗen rufi suna ƙyalli daga titi, wannan ganganci ne, tunda akwai ƙananan na'urori na jikin bango da ba sa buƙatar haka.

Wannan salo bai tsaya a Amurka ba. A shekarun 1950 Maxwell Fry da Jane Drew, miji da mata daga Ingila, suka zana gine-ginen farko na jami'ar Ibadan da bulo mai huda-huda don iska ta ratsa. Danginsu na nesa suna nan a tsofaffin kwatas na ma'aikata da gidajen malaman jami'a a Kaduna da Zariya: tagogin luba a bango biyu masu fuskantar juna, doguwar baranda, rufi mai fitowa ya yi wa bango inuwa. Gyaran da ake yi musu yakan bi hanyar da aka bi a Kalifoniya a shekarun 1980. A toshe hudar bulo, a rufe baranda, a ƙanƙance taga, sannan gidan da aka zana don ya yi sanyi da kansa ya koma dogaro da esi da janareta.

Bene a kan maƙwabci

Rigimar da ta fi zafi yanzu ba ta cikin gida ba ce. Gidan da bayansa gilashi ne zalla, sutturarsa shinge ne mai tsawon mutum, da kuma yardar cewa maƙwabci ma ƙasa yake. Ranar da na kusa da kai ya ɗora bene, tagarsa na kallon falonka da ɗakin kwananka, kuma hasken da ka saya da tsada ya tafi. Saboda haka unguwanni da dama a Palo Alto da Sunnyvale suka nemi hukuma ta hana hawa na biyu a layinsu. A Palo Alto, inda babu tsohon sharaɗi a takardun gidajen, sai kashi 70 cikin 100 na masu gida sun sa hannu kafin a saurari buƙatar, kuma tara wannan sa hannun ya sha raba maƙwabtan da suka yi shekaru suna gaisawa. Mai 'ya'ya huɗu da tsohuwar uwa a gida zai ce fulotinsa ne, da kuɗinsa ya saya. Ba ƙarya ya yi ba. Unguwannin Greenmeadow da Green Gables na Palo Alto sun shiga kundin wuraren tarihi na ƙasa a 2005, amma wannan karramawa ce, ba ta hana rushewa. Sunnyvale ta fitar da ƙa'idojin gyaran gidajen a 2009, Palo Alto a 2018, garin Orange na kudancin jihar kuma a wannan shekarar ya ayyana unguwanninsa na Eichler a matsayin yankunan tarihi. Akwai kuma wata dokar jiha ta 1972 da ke rage wa mai gidan tarihi haraji idan ya ɗauki alkawarin kula da shi.

Abin da ke ƙarƙashin duk wannan shi ne farashin ƙasa. Gonakin da Eichler ya yanka su ne yanzu tsakiyar cibiyar kamfanonin fasaha na duniya. Steve Wozniak, ɗaya daga waɗanda suka kafa Apple, a gidan Eichler ya taso a Sunnyvale. Gidan da aka sayar a ƙasa da dala 10,000 yau a Palo Alto sai an yi maganar miliyoyin daloli, kuma kaso mafi girma na kuɗin na fuloti ne. Malamin makarantar da aka gina gidan dominsa ba zai iya sayensa ba, ko hayarsa ma da ƙyar. Wannan yana damuna fiye da ruɓaɓɓiyar azara. Kalifoniya na fama da ƙarancin gidaje, a 2021 ta yi dokar da ta ba mai fuloti damar raba shi biyu ko ƙara gida a kansa, amma ta keɓe yankunan tarihi. Nan da nan tambarin tarihi ya zama abin da wasu ke nema, wasu don son ginin, wasu don kada a kawo musu sababbin maƙwabta. Na biyun ba su da hujja a tarihin mutumin da ya bar ƙungiyar magina a 1958. Ɗan ƙaramin gida hawa ɗaya a kusurwar lambu, mai ƙasƙantaccen rufi, wanda tagarsa ba ta leƙa kowa, ba ya rage wa unguwar komai, kuma tuni wasu masu zane a yankin suka fara gina irinsa da ginshiƙi da azara da bangon gilashi, a ba dattijuwar gida ko a ba ɗan haya.